Morihei Ueshiba (1883–1969): Rayuwar Mutumin da Ya Ƙago Aikido

Gabatarwa

Ƙasar Japan ta daɗe da yin suna wajen dabarun faɗa da kare kai. Da yawa daga cikin masu karatu sun san judo da karate, ko dai a majigi ko kuwa a filin wasanni. Amma akwai wata fasahar da ba ta kai waɗannan biyu shahara ba, wadda kuma ta sha bamban da su ta fuskar manufa, watau aikido. A cikin aikido ta asali babu gasa, babu kofi, ba a kuma fitar da gwanin shekara. Abin da ake koya wa ɗalibi shi ne yadda zai tarbi harin abokin gaba, ya karkatar da shi, ya kai mutumin ƙasa ba tare da ya yi masa illa ba.

Wanda ya ƙago wannan fasaha shi ne Morihei Ueshiba, wanda almajiransa suke kira O-Sensei, watau Babban Malami. Hotunan da aka fi saninsa da su na lokacin tsufansa ne, inda ake ganin ɗan gajeren dattijo mai farin gemu yana watsar da ƙarfafan samari cikin murmushi. Waɗannan hotuna sun sa wasu suna zaton da son zaman lafiya aka haife shi, alhali kuwa tarihinsa bai nuna haka ba. Mutum ne da ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana neman ƙarfi ido rufe, ya yi aikin soja, ya kuma horar da sojojin daular da ta mamaye ƙasashen maƙwabtanta. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun rayuwarsa daki-daki, domin a ga yadda aka yi mai neman ƙarfi ya koma mai kiran a kare ran abokin gaba, da kuma irin wuyar da ya sha kafin ya kai ga haka.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Morihei Ueshiba ran 14 ga watan Disamba 1883 a garin Tanabe, wanda ke bakin teku cikin lardin Wakayama, kudu da birnin Osaka. A lokacin nan Japan tana tsakiyar wani babban juyi. A 1868 aka mayar da mulki hannun Sarkin Japan, aka rushe tsohon tsarin mayaƙan gado da ake kira samurai, har ma a 1876 aka hana su yawo da takobi. Saboda haka tsofaffin makarantun koyon faɗa suka shiga wani hali, domin ba su da sauran iyayen gida, sojan zamani kuwa da bindiga yake aiki.

Mahaifinsa, Yoroku, manomi ne mai abin hannu, ya kuma daɗe yana cikin majalisar garinsu. Sunan mahaifiyarsa Yuki. Morihei shi ne ɗansu na huɗu, kuma shi kaɗai ne namiji. Ya taso ƙanƙane, mai yawan laulayi, ya fi son zama da littafi a kan wasa da tsaransa. Tun yana ƙarami aka kai shi wurin malaman addinin Buda na reshen Shingon, inda ya koyi tsofaffin littattafan hikima na ƙasar Sin, ya kuma saba da dogayen addu'o'insu. Mahaifinsa kuwa, da ya ga raunin yaron, sai ya riƙa tura shi iyo da kokawar sumo, yana ba shi labarin wani kakansu da ya yi suna wajen ƙarfi. An kuma ruwaito cewa yana yaro ya ga 'yan barandan abokan hamayyar siyasa sun far wa mahaifinsa, wannan kuwa ya dasa masa ƙudurin cewa sai ya yi ƙarfin da ba wanda zai sake taɓa nasa.

Bai yi nisa a makarantar sakandare ba. Ya koyi lissafi, ya yi ɗan aiki a ofishin haraji, sa'an nan ya tafi Tokiyo yana ɗan shekara goma sha takwas ko kusa da haka, ya buɗe kantin sayar da kayan rubutu. A can ne ya fara koyon jujutsu, watau tsohuwar dabarar faɗa da hannu wadda ta ƙunshi kaye da murɗe gaɓoɓi. Bai daɗe ba ciwon beriberi, wanda ƙarancin wani sinadari a abinci ke kawowa, ya kama shi, dole ya bar kantin ya koma gida. Da ya warke sai ya auri Hatsu Itokawa, wadda suka san juna tun ƙuruciya, kuma da ita ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin Soja da Zaman Hokkaido

A 1903 ya nemi shiga soja, amma aka mayar da shi saboda bai kai tsawon da ake bukata ba, watau ƙafa 5 da inci 2. An ce sai ya shiga daji ya riƙa rataya a reshen itace da nauyi ɗaure a ƙafafunsa, har ya sami ɗan ƙarin da ya ishe shi ya ci jarrabawa a karo na biyu. Ya yi aiki a lokacin yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905, ya yi fice wajen sarrafa banati, watau wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, har ya kai muƙamin saje. A tsawon zamansa na soja bai bar zuwa wurin wani malamin jujutsu a garin Sakai ba. Da ya bar soja ya koma Tanabe, mahaifinsa ya gyara masa wani ɗaki na horo, ya kuma ɗauko masa malamin judo. A waɗannan shekaru ne ya mara wa masanin tsirrai Minakata Kumagusu baya wajen adawa da shirin gwamnati na haɗe ƙananan wuraren bauta na ƙauyuka, shirin da ya jawo sare kurmin da ke kewaye da su.

A 1912 gwamnati tana ƙarfafa mutane su je su raya tsibirin Hokkaido da ke can arewa. Ueshiba ya jagoranci gidaje 54 daga yankinsu, suka yi ƙaura zuwa wani daji da ake kira Shirataki. Wuri ne mai tsananin sanyi, dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa wata da watanni. Shekarun farko amfanin gona bai yi ba, sai da suka haɗa da saran katako da kiwo da noman na'ana'a sa'an nan suka sami tsayawa da ƙafafunsu. A 1917 gobara ta cinye ƙauyen, aka sake gini daga tushe, shi kuma aka zaɓe shi cikin majalisar yankin. Wannan zama ya ƙara masa ƙarfin jiki ainun, ya kuma sa masa son noma wanda bai rabu da shi ba har ya mutu.

Haɗuwarsa da Takeda

Babban abin da ya same shi a Hokkaido shi ne haɗuwarsa da Sokaku Takeda a 1915, a wani masauki da ke garin Engaru. Takeda mutumin Aizu ne, an haife shi a 1859, ya kuma ga yaƙin basasa da idonsa tun yana yaro. Gajere ne, mai zafin rai, mai yawan zargi, ba shi da zaunanniyar makaranta, sai dai ya bi gari-gari yana koya wa 'yan sanda da manyan ma'aikata wata fasaha da ake kira Daito-ryu. Ueshiba, wanda a lokacin yake ganin ba mai iya ja da shi, ya gwada ƙarfinsa da wannan dattijo, sai ya tarar ba shi da katabus. Nan take ya ajiye abin da ya kawo shi garin, ya zauna kimanin wata guda yana ɗaukar darasi. Daga baya ya gayyaci malamin zuwa gidansa a Shirataki, ya riƙa yi masa hidima da hannunsa, ya kuma kashe dukiya mai yawa wajen biyan kuɗin karatu.

Wajibi ne a tsaya a kan wannan batu, domin kusan dukkan dabarun hannu da ake gani a aikido a yau daga Daito-ryu suka samo asali, kama daga murɗe wuyan hannu, zuwa danne gwiwar hannu, zuwa kayen da ake yi ta hanyar amfani da ƙarfin mai kawo hari. A hannun Takeda waɗannan dabaru na karya gaɓa ne da gamawa da abokin gaba. A 1922 Takeda ya ba Ueshiba takardar izinin koyarwa a madadinsa, bisa sharaɗin zai riƙa biyansa wani abu a kan kowane ɗalibi. Daga baya dangantakarsu ta yi tsami, har ya zamana almajirin yana kauce wa haɗuwa da malaminsa. Takeda ya mutu a 1943.

Zaman Ayabe da Tafiyar Mongoliya

A ƙarshen 1919 saƙo ya iso cewa mahaifinsa ba shi da lafiya ƙwarai. Ya bar wa Takeda gidansa, ya kama hanyar kudu. A kan hanya sai ya ji labarin wani shugaban addini a garin Ayabe, kusa da Kiyoto, mai suna Onisaburo Deguchi, ya ratse domin neman a yi wa mahaifinsa addu'a. Deguchi shi ne jagoran Omoto, wani sabon addini da ya tsiro daga Shinto, wanda surukarsa Nao Deguchi ta kafa a 1892. Ueshiba ya yi kwanaki a can, kafin ya isa Tanabe kuwa mahaifinsa ya riga ya mutu a farkon watan Janairu 1920. Wannan rashi ya gigita shi, har aka riƙa ganinsa a kan duwatsu shi kaɗai yana saran iska da takobi.

Cikin 'yan watanni ya kwashe iyalinsa ya koma Ayabe. A wannan shekara ta 1920 'ya'yansa maza biyu ƙanana suka mutu sakamakon rashin lafiya, a 1922 kuma mahaifiyarsa ta bi su. Ɗansa Kisshomaru, wanda zai gaje shi, an haife shi ne a tsakanin waɗannan rashe-rashe, a 1921. Mutumin da ya tara ƙarfi domin ya kare nasa, sai ga shi ya rasa mutum huɗu cikin shekara uku, ƙarfin nan kuwa bai tsinana masa kome ba. Daga nan ya duƙufa ga ibadun Omoto, ya koyi zaman natsuwa da sarrafa numfashi, da kuma wani ilmi nasu da ake kira kotodama, wanda ya ginu a kan imanin cewa sautin kowane harafi yana da tasiri a cikin halitta. Deguchi ne ya ba shi shawarar ya buɗe zauren horo a gidansa, ya kuma ɗora masa kula da gonakin ƙungiyar da rundunar kashe gobara.

A 1924 Deguchi, wanda ke kan beli bisa tuhumar ɓata sunan Sarki, ya sulale zuwa Mancuriya da nufin kafa wata daula ta addini a Mongoliya, ya tafi da Ueshiba a matsayin mai tsaronsa. Suka haɗa kai da wani madugun mayaƙa mai suna Lu Zhankui, amma sai sojojin Zhang Zuolin, mai iko da Mancuriya, suka kama su a Tongliao. Aka bindige Lu da mutanensa, su kuma aka sa musu mari aka yanke musu hukuncin kisa, sai da ofishin jakadancin Japan ya sa baki sa'an nan suka tsira. Ueshiba ya dawo gida ya ga mutuwa ƙuru-ƙuru.

A bazarar 1925 wani hafsan sojan ruwa, gwanin takobi, ya ƙalubalance shi a Ayabe. Hafsan ya riƙa kai sara da takobin itace, shi kuwa Ueshiba hannunsa ba kome, yana ta kaucewa, har mutumin ya gaji ya sallama ba tare da an taɓa shi ba. Bayan haka ya fita lambu domin ya share gumi. Bisa ga abin da ya riƙa bayarwa daga baya, a nan ne ya ji kamar wani haske mai launin zinariya ya lulluɓe shi, ya kuma fahimci cewa asalin fasahar yaƙi shi ne ƙauna da kare dukkan mai rai. Almajiransa suna ɗaukar wannan rana a matsayin mafarin falsafar aikido.

Shekarun Tokiyo

Da a ce labari ne na ƙirƙira, da a nan za a ce ya juya wa yaƙi baya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shekaru goma sha bakwai da suka biyo baya su ne shekarun da ya fi kusa da sojoji. Wani babban hafsan sojan ruwa, Isamu Takeshita, ya ga gwanintarsa, ya gabatar da shi ga manyan ƙasa, har ya koma Tokiyo da zama a 1927. A 1930 Jigoro Kano, wanda ya kafa judo, ya ziyarce shi, abin da ya gani ya burge shi, ya turo masa wasu almajiransa, cikinsu har da Minoru Mochizuki. A 1931 aka buɗe masa zauren Kobukan a unguwar Ushigome, mai faɗin tabarma 80. Horon da ake yi a wurin ya yi tsanani har mutane suka laƙaba masa sunan zauren azaba. Ba a karɓar ɗalibi sai da shaidar mutanen kirki, almajirai kuwa a nan suke kwana suna yi wa malam hidima dare da rana. Daga cikinsu akwai Kenji Tomiki da Gozo Shioda, waɗanda daga baya kowannensu ya kafa nasa reshe.

A wannan zamani Japan ta kama Mancuriya a 1931, ta kuma shiga yaƙi gadan-gadan da ƙasar Sin a 1937. Ueshiba ya koyar a makarantar sojan ƙasa ta Toyama, da kwalejin hafsoshin sojan ruwa, da makarantar 'yan sandan soja, da makarantar 'yan leƙen asiri ta Nakano. Ya yi hulɗa da masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa irin su Shumei Okawa. Ya ziyarci Mancuriya fiye da sau ɗaya, ya nuna fasaharsa a can a 1942 lokacin bikin cika shekara goma da kafa gwamnatin 'yan amshin shata da Japan ta ɗora. Littafin koyarwa da ya fitar a 1938 mai suna Budo cike yake da kalmomin biyayya ga Sarki da daula, irin na zamanin.

Har ila yau akwai wani al'amari da ya bar masa tabo. A watan Disamba 1935 gwamnati ta sake far wa Omoto, ta rushe gine-ginenta da nakiya, ta kama Deguchi da ɗimbin mabiyansa, wasu aka gana musu azaba a tsare. Ueshiba ya tsira saboda yana da almajirai cikin manyan 'yan sanda. Deguchi kuwa bai fito ba sai 1942. Wasu daga cikin mabiya Omoto sun daɗe suna ganin cewa ya bar malaminsa a ranar wuya.

Komawa Iwama

A 1942, yaƙin duniya na biyu yana tsakiyar ci, ƙungiyar da gwamnati ta ɗora wa kula da fasahohin yaƙi ta yi wa fasaharsa rajista da sunan aikido. A wannan shekara kuma ya ajiye dukkan muƙamansa na koyarwa, ya bar wa Kisshomaru zauren Tokiyo, ya tafi da matarsa wani ƙauye mai suna Iwama a lardin Ibaraki, inda ya riga ya sayi fili. Yana da shekara 58, ga shi kuma yana fama da rashin lafiya. Shi da kansa ya danganta ƙaurar da umurni daga abin bautarsa, ɗansa kuma ya bayyana cewa ransa ya ɓaci da yadda ake neman mayar da fasaharsa kayan kisa kawai. A Iwama ya zauna cikin wata 'yar bukka, ya share daji, ya yi noma, ya gina wurin bauta na Aiki da ƙaramin zauren horo. Ya riƙa koyar da cewa noma da horon yaƙi abu ɗaya ne, domin dukkansu aikin raya rai ne.

A 1945 jiragen Amurka suka ƙone yawancin Tokiyo. Zauren Kobukan ya tsira da ƙyar, ya zama mafakar iyalan da gidajensu suka ƙone. A watan Agusta aka jefa bam na nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, Japan ta miƙa wuya, mahukuntan mamaya kuma suka taƙaita koyar da fasahohin yaƙi. Daular da ya horar wa mayaƙa ta ruguje a gaban idonsa, wasu daga cikin almajiransa ba su dawo daga fagen fama ba, Tomiki ma sai da ya yi shekaru a tsare a hannun Rasha. A cikin wannan shiru na Iwama ne aikido ta ɗauki kamannin da aka san ta da su a yau. A 1946 wani matashi ma'aikacin jirgin ƙasa, Morihiro Saito, ya zama almajirinsa, ya zauna tare da shi shekara 23, shi ne kuma ya adana darussan takobi da sanda na wannan zamani. A 1948 Ma'aikatar Ilmi ta amince da kafa ƙungiyar Aikikai.

Aikido a Aikace

Sunan aikido ya ƙunshi kalmomi uku: ai, watau haɗuwa ko daidaituwa, ki, watau numfashi ko kuzarin rai, da do, watau tafarki. Ana yin horo ne bibbiyu a kan tabarma. Ɗaya shi ne uke, mai kawo hari da kamu ko sara ko naushi. Ɗayan kuma nage, mai tarbar harin. Bayan 'yan gwaje-gwaje sai su musanya, wanda ya kayar ya zama wanda za a kayar. Ana fara darasi da gaisuwar sunkuyawa, da ita kuma ake rufewa. Mai kallon da ya saba da kokawa ko dambe, inda ba a tashi sai an san wanda ya yi kaye, zai yi mamakin ganin an yi awa guda ana faɗuwa ana tashi ba a ce wane ya ci ba.

Tushen motsin jiki iri biyu ne. Na farko shi ne irimi, watau shiga: maimakon mutum ya ja da baya, sai ya kutsa ta gefen harin ya tsaya inda hannun abokin gaba ba zai same shi ba. Na biyu shi ne tenkan, watau juyawa: mutum ya kafa ƙafa ɗaya ya kewaya, har ya zamana shi da mai harin suna fuskantar waje guda. Da zarar an yi haka, ƙarfin da mai hari ya zo da shi ba ya samun abin da zai ci karo da shi, sai ya rinjaye shi gaba, ya rasa daidaiton tsayuwarsa. A nan ne ake sa dabara, alal misali ikkyo, inda ake kama gwiwar hannu da wuyan hannu a kai mutum ƙasa rubda ciki, ko kotegaeshi, inda ake juya wuyan hannu waje, ko shihonage, inda ake naɗe hannun ta bayan kafaɗa. Akan yi wasu darussan a durƙushe, wasu kuma da takobin itace ko sanda.

Rabin karatun ɗalibi kuwa koyon faɗuwa ne, wanda ake kira ukemi, watau yadda zai mirgina ya tashi ba tare da ya ji ciwo ba. Bambancin da ke tsakanin wannan da abin da Takeda ya koyar yana ga ƙarshen dabarar. Kamun da zai iya karya hannu, a aikido akan tsaya da shi a kan dannewa. Jifan da zai iya fasa kai, akan buɗe wa mutum hanyar mirginawa. Mai dabarar yana da ikon yin illa a hannunsa, amma an horar da shi ya bar ta.

Falsafarsa

Koyarwar Ueshiba ta shekarun ƙarshe ta tsaya a kan ginshiƙai uku. Na farko, nasara ta gaskiya ita ce mutum ya rinjayi kansa, watau tsoronsa da fushinsa da son a ce ya fi wani. Wannan ne dalilin da ya sa ya hana gasa, domin a ganinsa wanda ya ci yau za a ci shi gobe, gasa kuwa tana ciyar da cutar da ake neman magani. Na biyu, wanda ya ɗaga hannu domin ya cuci wani ya riga ya fita daga daidaiton halitta, saboda haka aikin mai aikido shi ne ya kare kansa, ya kuma hana mai harin aikata ɓarna, ba tare da ya hallaka shi ba. Na uku, horon yau da kullum wani nau'i ne na misogi, watau tsarkake kai irin na Shinto. Wannan ya dace da wata tsohuwar fassara ta malaman Sin da Japan, wadda ke cewa harafin da ake rubuta kalmar yaƙi da shi ya haɗa alamar mashi da alamar tsayarwa.

Sai dai jawabansa suna da wuyar fahimta, domin cike suke da sunayen abubuwan bauta na tsofaffin littattafan Shinto da ilmin sautuka na Omoto. Da yawa daga cikin almajiransa sun amsa cewa ba su gane yawancin abin da yake faɗa ba. Kisshomaru ne ya tace koyarwar, ya tsara darussa, ya rubuta littattafai cikin harshe mai sauƙi, ya buɗe ƙofa ga kowa. Haka kuma ba a rasa masu suka ba. Babban abin da suke faɗa shi ne, tun da uke ba ya turjiya da gaske, ɗalibi ba shi da hanyar sanin ko dabararsa za ta yi aiki ranar da aka kawo masa hari na haƙiƙa. Wannan ne ya sa Tomiki ya shigo da gasa a Jami'ar Waseda, abin da bai yi wa Aikikai daɗi ba. Shioda kuma ya kafa Yoshinkan a 1955, ya riƙe salo mai tsauri irin na kafin yaƙi, wanda aka riƙa koya wa 'yan sandan Tokiyo.

Ƙarshen Rayuwarsa

Tun yana da rai fasaharsa ta ƙetare teku. Mochizuki ya kai ta Faransa a 1951, Koichi Tohei kuma ya kai ta Hawai a 1953. A 1956 Aikikai ta shirya nuninta na farko ga jama'a a saman wani babban kanti mai suna Takashimaya a Tokiyo, bayan an sha fama kafin dattijon ya yarda. A 1960 gwamnati ta ba shi lambar girma, ta ƙara masa wata a 1964. A 1961 ya ziyarci Hawai, shekara ashirin bayan harin da jiragen Japan suka kai tsibirin, ya kuma bayyana wa masu saurarensa cewa ya zo ne domin gina gada tsakanin al'ummai. A 1968 aka buɗe sabon ginin hedkwatar Aikikai a inda tsohon zauren Kobukan yake.

Ya ci gaba da hawa tabarma har farkon 1969, sa'ad da ciwon daji na hanta ya kwantar da shi. Ya mutu ran 26 ga watan Afrilu 1969 yana da shekara 85, matarsa Hatsu kuma ta bi shi bayan wata biyu. An binne tokar gawarsa, bisa al'adarsu, a haikalin Kozanji da ke Tanabe. Kisshomaru ya gaje shi har zuwa mutuwarsa a 1999, sa'an nan jikansa Moriteru ya karɓa. Ko da yake Tohei ya ɓalle a 1974 ya kama tasa hanya, an kafa ƙungiyar aikido ta duniya a 1976, kuma kowace shekara ran 29 ga Afrilu akan taru a wurin bauta na Iwama domin tunawa da shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa rayuwar Ueshiba ba ta tafi a miƙe ba. Dabarun hannunsa ya samo su daga Takeda, harshen da ya bayyana su da shi ya samo shi daga Deguchi, amma ma'anar da ya ba su a ƙarshe sai da ya binne mahaifansa da 'ya'yansa, ya tsaya a gaban masu bindigewa, ya kuma ga ƙasarsa ta zama toka, sa'an nan ta zauna masa. Tsakanin hasken da ya ce ya gani a 1925 da komawarsa Iwama a 1942 akwai shekarun da ya yi wa masu yaƙi aiki, kuma duk tarihin da ya tsallake su ya rage wa mai karatu abin da ya fi bukatar sani. Wanda ya hana almajiransa karya hannun abokin gaba mutum ne da ya san yadda ake karya shi, ya kuma taɓa koyar da hakan. Tambayar da ya bari, watau ko mai ƙarfi zai iya tsayar da mai cutarwa ba tare da ya zama irinsa ba, ita ce almajiransa suke gwadawa a kan tabarma har yau.